Guguwar da Ta Kusa Hana Goggo Ganin Teku

Ko da zan tsufa har in riƙa neman tabarau yana kan hancina, ba zan manta da makon da na ɗauko guguwa daga wata duniya na dire ta a Iskandariyya da bakina ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Yanzu ina dab da gama sakandare, har ana cewa na yi hankali, amma duk ranar da iska ta ɗaga labule a gidanmu sai an samu wanda ya juyo ya ce mini, "Malama, mu gudu ne ko mu zauna?"

A unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira muke zaune, hawa na huɗu, a wani bene da lif ɗinsa ya rasu tun kafin a haife ni. Baba ya zo Alƙahira karatun digiri na uku ina goye a bayan Umma, kuma har na iya tuƙa tuwo bai gama rubutun ba. Nan muka tashi ni da yayana namiji. Duk wanda ya zauna garin nan ya san ba a ruwan sama, sai dai a yi wasa da shi. Sau biyu ko uku a shekara sama za ta ɗan yi tofi, motoci su ƙara datti, mutane su fito baranda suna ɗaukar hoto kamar giwa ce ta ɓullo a titi. To sai aka yi kuskure aka kai mu Funtuwa hutu da damina. Muka ga hadari na gaske ya taso daga gabas baƙi ƙirin, kaji na gudu, mata na kwasar shanya, ƙasa na ƙamshi. Tun daga ranar kan Yaya ya taɓu.

Da muka dawo sai ya nemo irinsa. Abokai huɗu ya samu, biyu 'yan Kano, ɗaya ɗan Maraɗi, ɗaya kuma Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus. Suka buɗe zauren hira a waya, ba abin da suke yi sai bin gajimare a taswira. Yaya ne ya yi mini bayanin abin. Ya ce hadarin nan da ke tasowa daga wajen Sudan, ya ratsa Chadi, ya zubar da ruwa a ƙasarmu, ya wuce Mali, ya faɗa teku ta Senegal, ba duka ne ke mutuwa a nan ba. Wani idan ya samu ruwan teku da ɗumi sai ya fara juyawa, ya tara ƙarfi, ya yi ido a tsakiya, ya zama guguwar nan da ake nunawa a labarai tana kwashe gidaje a Amurka. Wato dai ɗan unguwarmu ne da ya tafi ci-rani ya zama ɗan daba. Daga watan Agusta zuwa Oktoba kuwa, lokacin da irin waɗannan ke yawa, ko sallama ka yi wa Yaya sai ya amsa maka da saurin iska.

Baba 'yan duba yake ce musu.

"An kawo ku karatun addini kun ɓuge da duba," in ji shi.

"Baba, ilimi ne fa. Tauraron ɗan'adam ne ke ɗauko hoton."

"To ai shi ma tauraro ne. Da me bokaye ke aiki?"

Da farko ƙin saka ni suka yi a zauren, wai ni yarinya ce kuma bakina ba ya rufuwa. Bakin ne ya shigar da ni daga baya. Suna buƙatar wanda zai kira gida ya tambaya ko an yi ruwa jiya, kuma babu ɗaya a cikinsu da zai iya jure gaisuwar tsohuwa ta rabin sa'a kafin a iso kan maganar. Ni kuwa abin nema ya samu. Na zama wakiliyarsu ta ƙasa. Har Yaya ya saka ni a wani babban zaure na masu irin wannan ciwon daga ƙasashe daban-daban, inda ake rubutu da Turanci. Makarantarmu ta Larabci ce, Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba, don haka sai in danna fassara waya ta juya mini shi zuwa Larabci. Ku riƙe wannan, nan ramin yake.

A wannan shekarar ne Goggo, yayar Baba, ta zo daga Funtuwa a cire mata yanar ido. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Ta yi shekaru tana ganin mutane kamar inuwa. Ranar da aka cire mata bandeji muna tsaye duka a kanta, Umma har ta shirya hawaye. Goggo ta buɗe ido a hankali, ta daɗe tana kallon Baba, sannan ta ce, "Ashe haka ka tsufa?"

Daga nan ba abin da ya tsira daga idon nan. Ta ga ƙurar saman firij, ta ga Yaya bai iya aske ba, ta ga ina satar nama a tukunya daga tazarar ɗaki biyu. Amma abu ɗaya ta roƙa. Tana so ta ga teku. Baba ya kai ta bakin kogin Nilu da yamma, ta duba ta taɓe baki.

"Wannan ai ina hango ƙetarensa. Ga mutane can suna shanya. Ni ruwan da ba shi da ƙetare nake so."

Ashe tun tana ƙarama mahaifinsu, wanda ya je hajji ta ƙasa ya hau jirgin ruwa, yake ba ta labarin ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa. Ta riƙe maganar har idon ya dushe, ta cire rai. Yanzu ido ya dawo, rai ma ya dawo. Baba ya je tashar Ramsis ya yanko mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya na ranar Juma'a, Juma'arta ta ƙarshe, domin ranar Lahadi jirginta zai tashi zuwa gida. Likita ya yarda, da sharaɗin ta sa baƙin tabarau kuma kada ta shiga iska mai yashi.

Ana saura kamar mako biyu da rabi aka bugo waya daga Funtuwa cewa an yi wani hadari mai iska har ya yaye kwanon ɗakin girkin Goggo. Tana salati, mu muna murna a ɓoye, domin Yaya ya nuna mini shi a taswira, wani farin dunƙule kamar curin fura yana gangarawa yamma. Nan take muka raɗa masa suna hadarin Goggo. Da ta ji sai ta ce, "To idan kun cim masa ku ce ya maido mini kwanona." Tana yi mana dariya, tana cewa gwiwarta ta fi wayarmu sanin ruwa, amma kullum da safe tana shan shayi sai ta ce, "Uwata, ina ɓarawon ya kai?" In ce ya shiga Mali. In ce ya faɗa teku. In ce Goggo ya fara juyawa. Ranar da ya yi ido Yaya ya yi ihun da ya sa maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa bango.

Sai sakamakon jarrabawa ya yi aikinsa. Yaya ya faɗi nahawu, kuma ba shi kaɗai ba, kusan duk 'yan duban sun samu abin da suka faɗi, don haka suna da jarrabawar zagaye na biyu a wannan makon. Baba ya karɓe wayar Yaya ya kulle a durowa, ya tura shi gidan wasu ɗalibai a unguwar Madinat Nasr ya je ya yi karatu har ranar Asabar. Sauran ma suka yi yarjejeniyar rufe zauren. Yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa ya ce mini, "Ki riƙa rubuta inda ya kai kawai. Kada ki sanar da kowa komai. Kin ji?" Na ce na ji. Wallahi na ji ɗin, riƙewa ce ban yi ba.

Ranar Laraba bayan azahar baƙar wayata, wato data, ta zo gargara. Hoto ba ya buɗewa, taswira ba ta buɗewa, sai rubutu kaɗai. Na shiga babban zauren na ga saƙonni sun yi yawa, na danna fassara a kan ɗaya. Ga abin da waya ta ba ni da Larabci tsantsa: guguwar za ta iso Iskandariyya da safiyar Juma'a, a yi tsammanin faɗuwar bishiyoyi da ɗaukewar wuta.

Na karanta sau uku. Iskandariyya. Juma'a. Da safe.

Mai hankali zai tambayi kansa ta yaya guguwar da ya bari jiya a can ƙetaren duniya za ta kwana a Masar. Ni ma na tambayi kaina, sai dai na ba kaina amsa da sauri. Na tuna Yaya ya taɓa cewa wasu sukan yi kwana su dawo gabas wajen Turai. Khalas, shi ke nan, in ji ni, ta yi kwana, ta shigo ta wajen Maroko, ta biyo tekunmu. Ina da lambar ɗan Maraɗin nan, da na tura masa da ya gyara mini cikin minti ɗaya. Amma da na tura masa da shi zai zama wanda ya gano. Wannan ita ce gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Na jira sai da aka zauna cin abinci, Baba ya kai loma ta farko, sannan na yi gyaran murya irin na masu karanta labarai.

"Baba, ba za a je Iskandariyya ba."

"Wa ya ce?"

"Hadarin Goggo ne ya juyo. Ranar Juma'a da safe zai sauka can."

Goggo ta ajiye cokali. "Ni ya biyo?"

Na miƙa wa Baba wayar. Ya gyara tabarau ya karanta Larabcin da kansa, ga sunan gari ɓaro-ɓaro. Ya kunna talabijin, ana tallar man girki. Ya canza tasha, wasu na musu a kan ƙwallo.

"Ba su ce komai ba," in ji shi.

"Baba, su ai kullum a baya suke. Mu muke riga su. Ka manta da sanyin bara?"

Wannan ya kama shi, domin da sanyin bara Yaya ya taɓa ce wa Umma ta kwashe shanya, aka yi masa dariya, kuma aka yi ruwan. Sau ɗaya ne tak, amma mun ci shekara muna cin albarkacinsa. Umma ta tambaye ni girman igiyar ruwan. Saƙon bai ce komai a kan igiyar ruwa ba. Na ce za ta kai hawa na biyu. Da na ga idonta ya buɗe sai na ji daɗi na ce ko na uku.

Baba ya dubi 'yar'uwarsa. "Yaya, ko da rabin maganar nan ce gaskiya, ba zan kai idon nan cikin iska ba. Ma'alish. Ki yi haƙuri."

Goggo ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ta ɗauki cokalinta, amma na lura ba ta ƙara kai shi baki ba. Na lura, na kawar da kai, domin a lokacin ina jin kaina kamar wadda ta ceci jirgi guda. Da la'asar Baba ya je Ramsis ya mayar da tikitin.

Umma ce ta tuna wata ƙawarta na shirin kai yara bakin teku, ta ce in yi mata bayani tunda ni na san kan abin. Ta ba ni wayarta. Maimakon in kira matar, sai na ɗauki saƙon murya na jefa a zauren matan Hausawan Alƙahira gaba ɗaya. Na yi sallama da murya mai nauyi, na kawo tarihin guguwar tun daga ɗakin girkin Goggo, na ce idonta kaɗai ya fi Abbasiya faɗi, na rufe da cewa wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba. Kafin magariba saƙon ya zagaya Madinat Nasr da Arba wa Nus ya dawo mana da 'ya'ya. A wani ƙaulin igiyar ruwan ta kai tsayin hasumiyar masallaci. A wani kuma an ce kifi zai riƙa faɗowa daga sama har Ramsis, har wata ta tambaya ko ya halatta a ci. Wata Hajiya ta bugo ta ce a ba ta Malama, Umma ta ce wace Malamar, ta ce 'yarki mana. Wata ta aiko mini da dambun nama a roba. Mata suka sa ranar Alhamis da yamma za a taru a yi addu'a.

Mutum ɗaya ne bai saya ba, bawwab ɗinmu, wato dattijon da ke gadin benen. Da na sauka sayo burodi na yi masa bayani da Larabci har da hannu. Ya saurara, ya kurɓi shayinsa, ya ce shekara sittin yana duniya bai taɓa jin teku ya yi fushi da zafi ba, sai da sanyi. Na ce a raina mutumin da ya fito daga kudancin Masar me ya sani game da teku. Na wuce ina tausaya masa.

Ranar Alhamis da safe Baba da kansa ya sabunta mini data, wai don in ci gaba da sa ido. Na zauna a baranda na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na buɗe taswira.

Ga guguwar nan, fara sol, tana juyawa abinta. Ga layin da aka ja na inda za ta bi. Ga wani ɗan ɗigo a kan layin an rubuta Alexandria, a gabansa haruffa biyu, L da A. Na duba kewaye ban ga kogin Nilu ba. Ban ga Alƙahira ba. Na ja taswirar da yatsa don in nemo Masar, na ja, na sake ja, sai da na ƙetare teku guda sannan na iso gida. Sama a kan Iskandariyyarmu wasai take, ko gajimaren da zai rufe faranti babu. Ashe Amurkawa ma suna da gari mai wannan suna a wata jiha da ake ce wa Louisiana, kuma ba ma a bakin teku yake ba. Waya ta ga suna ta juya shi yadda ta sani. Abin haushin, ko a saƙon na jiya haruffan nan biyu suna nan manne da sunan. La. Da Larabcin da nake tinƙaho da shi, a'a ke nan. Rubutun da kansa ya ce mini a'a, na tsallake.

Na kife wayar a cinyata. Amma ba a yi minti biyar ba shaiɗanin da ke kula da ni, wanda ba ya zuwa hutu, ya kawo shawara mai kyau. Ai ba sai na ce komai ba. Yau mata za su taru su yi addu'a. Gobe Juma'a za ta zo ta wuce lafiya. Sai in sake ɗaukar murya in ce alhamdulillahi, albarkar addu'arku guguwa ta kauce. Wa zai yi musu da addu'a? Yaya ba zai dawo ba sai Asabar, kuma shi na san farashinsa, wankin kwanukansa na wata guda. Zan fita da sunana na Malama, har da ƙari. Na duba shirin ta kowane ɓangare ban ga inda yake yoyo ba. Na tashi na shiga ciki har ina 'yar waƙa. Na ci abincin safe, na amsa wayar mata biyu, na ce musu muna sa ido.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Umma ta aike ni in kai wa Goggo maganin ɗigawa a ido. Na same ta zaune a kan darduma ta buɗe akwati. Akwai wata atamfa shuɗiya da ta ɗinka tun a gida, ta hana kowa taɓawa, ta rataye ta a jikin ƙofa tun ranar da aka yanko tikiti. Ita take ninkewa. Ta shafe ta da tafin hannu, ta sa ta can ƙasan akwatin, ta danne da sauran kaya.

"Zo ki ɗiga mini, Uwata."

Ta kwantar da kai a cinyata. Na buɗe idon da yatsa biyu, sabon idon nan mai ganin komai, yana kallona daga ƙasa.

"Jiya na ji haushinki," in ji ta. "Ba zan ɓoye miki ba. Na ce wannan yarinya da wayarta. Amma da na kwanta sai na ce, da ba don ita ba da mun je mun shiga bala'i da ƙafarmu. Allah ya yi miki albarka. Idon ya ga ɗan'uwana, ya gan ku. Ya isa. Ba komai ake gani ba."

Na ɗiga maganin ya sauka a kuncinta. Na sake ɗigawa ya sauka a kunne.

"Ke lafiya? Ido aka ce, ba kunne ba."

"Goggo," na ce, "idan mutum ya yi kuskure, ba ƙarya ba fa, kuskure, amma daga baya ya ɗan zama ƙarya..."

Ta tashi zaune. Ta dube ni irin kallon da ta yi wa saman firij.

"Kira mini ubanki."

Ban taɓa ganin falonmu ya yi tsawo kamar ranar ba. Baba na zaune da littattafansa. Na tsaya a gabansa na bayyana komai da muryar sauro, na nuna masa taswira, na ja ta sau uku har Masar. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya tambaye ni yaushe na gani. Nan ne wurin ya yi zafi. Na ce da safe. Ya dubi agogon bango, ya dube ni, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Umma ta dafe kai tana ambaton matan da za ta haɗa ido da su.

Goggo ce ta sako baki daga bakin ƙofa.

"Tsaya in gane. Wato Iskandariyya biyu ce?"

"Biyu ce, Goggo."

"Su Amurkawan duk arzikinsu suna ne suka rasa?"

Sai ta fashe da dariya, ta riƙe ƙofa, tana cewa kada a sa ta kuka likita ya hana. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fuska, gemunsa ne ya tona shi.

Hukuncina shi ne in ɗauki wani saƙon a wannan zauren dai, kuma Baba ya ce da muryar da na yi na farko, ba ta sauro ba. Sau bakwai ina ɗauka dariyar Goggo na ɓatawa. Da na tura, sai amsoshi suka fara zubowa. Wata ta ce dama ita tun jiya jikinta bai ba ta ba. Mai dambu ta ce a maido mata robarta. Hajiyar nan kuwa ta ce, "Allahu akbar, tun ba mu taru ba niyyarmu kaɗai ta mayar da ita Amurka." Na dubi Umma, Umma ta ce in na kuskura na amsa sai ta karya ni.

Baba ya koma Ramsis ya dawo hannu wofi. Lokacin zafi duk Alƙahira bakin teku take nufa ranar Juma'a, kujerun da ya mayar jiya tuni wasu suka ɗauka. Ya tsaya a tsakar falo yana share gumi ya ce sai dai mikrobas, irin ƙananan motocin hayar nan, kuma yana tsoron gwiwar Goggo da zaman awa uku.

"Gwiwar tawa ce ko taka?" in ji ta. "Yalla." Wato mu tafi, kalmar Larabci ɗaya ke nan da ta koya a wata guda, ta kuma ajiye ta sai ranar da ta dace.

Bayan asuba muka fita. Bawwab na zaune a ƙofa, ya gan mu da jaka, ya ga Goggo cikin shuɗiyar atamfa da baƙin tabarau kamar matar gwamna. Ɗaga mini kofin shayinsa kawai ya yi. An ba Goggo gaba kusa da taga. Ni aka cusa ni can baya tsakanin wata mata mai tukunyar abinci da ɗanta mai ƙatuwar tayar iyo da ya ƙi sacewa. Awa uku ina shaƙar roba. Ban yi ƙorafi ba, ban ga fuskar yi ba.

Da muka sauka muka bi wani ɗan titi tsakanin dogayen gidaje, iska mai laushi na zuwa da wani ƙamshi kamar na kifi da gishiri. Titin ya ƙare kwatsam, sai ga shi. Shuɗi, shimfiɗe, kwance lafiya kamar an yi masa guga. Yara na wasa a gefe, wani na sayar da gasasshiyar masara.

Goggo ta tsaya cak. Ta kai hannu ta cire tabarau.

"Yaya, likita fa ya ce..." in ji Baba.

"Likita gyara shi ya yi don a gani."

Ta duba dama, ta duba hagu, ta ɗaga hannu ta kare rana ta zura ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Ta daɗe. Babu wanda ya yi magana, har ni, kuma wannan kaɗai ya isa a rubuta a tarihi. Can ta ce a hankali, kamar ba da mu take ba, "Babu ƙetare. Wallahi babu."

Ta sa muka riƙe ta har bakin ruwan. Ta tuɓe takalmi, ruwa ya zo ya shafi ƙafarta ya koma, ta ja baya tana salati, sannan ta matsa ta jira ya dawo. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Duk wannan ruwan, ko albasa ba za a shuka da shi ba. Kai, Allah mai iko."

Sannan ta juyo gare ni. Na shirya jin tsiya, domin na san na ci bashinta. Sai ta ce, "Uwata, ɗaya Iskandariyyar ta wane gefe take?" Na yi lissafi na nuna mata yamma. Ta juya can ta ɗaga hannu.

"Yau ce ranar tasu ko? Su ma suna da tsofaffi da jarirai. Allah ya sassauta musu."

Muka ce amin. Mako biyu da rabi ina bin wannan guguwa ina mata kirari, ban taɓa tuna cewa akwai mutane a ƙarƙashin farin dunƙulen nan ba sai da tsohuwar da ba ta iya kunna waya ba ta tuna mini.

Abin da na ɗauka daga wannan mako shi ne, kuskuren karatu ba shi ne babban laifina ba, wannan kowa na iya yi. Awa ukun nan da na zauna a kan gaskiya don kada a daina ce mini Malama, su ne suka kusa mayar da Goggo Funtuwa da atamfarta a ninke. Har yau ina bin gajimare, kuma har yau ba na iya ba da labari ban ƙara masa gishiri ba, kun dai ji da kunnenku. Amma duk maganar da wani zai fasa tafiya saboda ita, sai na duba ta sau biyu, in ba shi ita lami yadda take. Idan kuma na gano na yi kuskure, ba na bari a kai ga sauke tukunya ban faɗa ba.